Kwanon shago na yoyo, mai shago ya ƙi gyarawa: mu kai shi kotu?

Wani ɗan kasuwa daga Gusau ya rubuto cewa su shida ne ke hayar shaguna a jere ɗaya. Kwano ya ruɓe, ruwan Agustan bara ya jiƙa masa buhunan sukari da fulawa, mai shagunan kuma kullum sai ya ce a bari sai bayan sallah. Sun shirya su riƙe kuɗin haya, su maka shi a kotu.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhun sukari ya ji ya daskare ya san zafin abin da ya same ka.

Amma don Allah kada ku riƙe kuɗin haya. Ranar da kuka daina biya, kun miƙa masa hujjar korarku da hannunku, shari'ar ta koma kanku.

Sai ku duba takardar yarjejeniya, in akwai. Alƙali zai fara tambaya ne: wa aka rubuta zai yi gyara? In ba a rubuta ba, ƙararku ta yi rauni. A kotun Shari'a ma, mashahurin ra'ayin Malikiyya shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Abin da ɗan haya ke samu shi ne zaɓin tashi idan cutarwar ta yi yawa, ko ragin haya gwargwadon amfanin da ya rasa. To kai tashi kake so? Wurin da masu sayen kayanka suka saba da shi fa? Mai hayar shekara ana ba shi notis na wata 6 ne, kuma wanda kuka kai kotu da wuya ya sabunta muku.

Ni abin da na fi so: ku kira kafinta ya rubuta kuɗin kwano, katako, ƙusa da na aiki. Ku ɗauki hoton yoyon da kayan da suka lalace. Ku tafi da shugaban 'yan kasuwarku ko mai unguwa, ku ce za ku gyara da kuɗinku a cire daga hayar baɗi. Sau da yawa fitar da kuɗi a dunƙule ne ke yi wa mai gida nauyi. In ya yarda, a rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ku adana kowane rasit.

In ya ƙi wannan ma, ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya, ya fara aika masa wasiƙa. Kafin nan, ka ɗora buhunanka kan katako, ka rufe da tampol tun damina ba ta kankama ba.