Amsa: Idan fitilar tayar jirgi ta ƙi kamawa

Malam, ka tambaya me matuƙi ke yi in ya doso filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja amma fitilar taya ta ƙi kamawa. A yawancin jirage, korayen fitilu uku ne a gabansa, kowacce na nuna ƙafa ɗaya ta sauko ta kulle. In ɗaya ta ƙi, fasa sauka yake yi, ya koma sama yana zagaye, abokinsa na karanto littafin matakan gaggawa. Wani lokacin ƙwan fitilar ne kawai ya mutu! In ba shi ba ne, sai a saki makullin da ke riƙe ƙafar a sama, nauyin ƙafar ya jawo ta ƙasa. Yakan kuma wuce ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage a duba masa ko ƙafar ta sauko, motocin kashe gobara na jira.