Amsa ga ƙanwarmu mai son karatun tsara cikin gida a makarantar kuɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya, kin ce kin samu bak bana kuma baba ya yarda ya biya miki makarantar kuɗi ta koyon tsara cikin gida, ko a Yamai ko waje, amma gabanki na faɗuwa kar a zuba kuɗɗi ki dawo Maraɗi ki zauna ba aiki. Na ga mutane sun ba ki amsa, wasu na cewa ai wannan aikin turawa ne, wasu na cewa ki je ki yi likita kawai. Ni dai karatun nan shi na yi, shekara ukku a wata makarantar kuɗi, kuma yau da shi nike ci nike sha a garin nan, shi ya sa na kasa yin shiru. Ki yi haƙuri zan ja magana.

Aiki akwai, wallahi akwai. Ki zagaya Zariya da Ali Ɗan Sofo ki ga gidajen da ake tadawa, ga masu butik da farmasi da gidajen abinci da ke son wurinsu ya yi kyau, ga uwa uba jeren amare wanda ba ya yankewa. Amma ki san wani abu tun yanzu, mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zane ba. Alhaji zai biya kafinta, zai biya mai karo da mai fenti ba gardama, ke kuwa in kika ce ga kuɗin tunanin da na yi sai ya ce ashe hoton ma sayarwa ake. To abincinki yana cikin riƙe aikin gaba ɗaya, ke ki yi awo, ki yi debi, wato lissahin kuɗin aikin, ki sawo kaya, ki tsaya kan ma'aikata har a gama. Duk makarantar da ba za ta koya miki wannan ba, ko da kilim a kowane aji, asarar kuɗin baba ce.

Kahin a biya ko dala ɗaya ki tahi da ƙafarki, kar ki tsaya ga hotunansu na Facebook. Ki ce a nuna miki takardar izini ta ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ta wannan fannin da za ki karanta, don wata makarantar tana da izini na kwantabilite ne sai ta liƙa dekorasyon a kan allo. Ki tambaya in diplom ɗin BTS ne na shekara 2 shin na gwamnati ne ko takardar gida ce kawai, in lisans ne na shekara 3 shin CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun ilimi mai zurfi, ta san da shi. Ranar da kika so ci gaba da masta a wata ƙasa ko shiga aikin gwamnati ranan za ki san amfanin wannan tambayar. Sannan ki ce a kai ki ataliye. In ba ki ji warin katako da gam ba, ba ki ga maket ɗin ɗalibai, wato ƴan samfurin gidaje na kwali, jibge kan tebur ba, sai kwamfutoci kawai, ki yi musu sallama. Ki nemi wanda ya gama shekara biyu da sunka wuce ki tambaye shi ina ya yi staj, makaranta ta samo mishi ko shi ya yi ta yawo. Mu tamu alkawarin staj anka yi mana a takarda, da lokaci ya zo kowa ya kama gabanshi.

Kuma ki bambance, ado daban tsarin cikin gini daban. Na farko launi ne da labule da kujeru da fitilu. Na biyu har da pilan, inda za a bi da wayar wuta da bututun ruwa, inda iska za ta shiga ta fita. Na biyun ki nema. Amma ko shi bai ba ki ikon fasa bango yadda kika ga dama ba, wannan sai injiniya ya duba. In kuma ginin kanshi ne ke ranki to gara ki gwada kwankur na EAMAU ta Lome, makarantar koyon zanen gine-gine ce ta ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, ko ki duba fannin gine-gine na IUT, cibiyar koyon fasaha, a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo nan gida, ki haɗa da koyon ado a gefe.

Ki shirya ma kuɗin da ba a rubuta a takardar rajista ba. Kwamfuta mai ƙarhi wadda za ta ɗauki manhajojin zane irin su AutoCAD da SketchUp, in har za ki shiga 3ds Max ki nemi mai RAM giga 16, ƙarama za ta yi ta maƙalewa ta sa ki kuka daren da za ki ba da aiki. Ga kwali, gam, takardun zane, bugun pilan babba. Ni kuɗin waɗannan sun fi ba ni wahala bisa kuɗin makarantar, don shi ana biya kashi-kashi, su kuwa kullum ne.

Bari in ba ki labarin aikina na farko don ki gane abin da nike nuhi. Kicin ne na wata hajiya, na zo da diplom ɗina sabo ful, na yi mata 3D mai kyau har ta kira ɗiyanta su gani. Na auna bango da metir, mita 3 da santimita 20, na ba kafinta ya yanka kabad daidai. Ban lura ba cewa bulo tsirara na auna, ba a yi shafen siminti ba ba a sa karo ba. Da anka gama, kowane gefe ya cinye wajen santimita 2. Ranar da anka kawo kabad a bayan mota, yara huɗu sunka ɗauko shi, ya ƙi shiga. Hajiya na tsaye bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, wannan shirun har yau ina jin shi. Tsohon kafintan, Allah ya saka mishi da alheri, ya ja ni gefe ya ce ɗiyata ba a auna ɗaki sai ya sa riga, kuma ko ya sa riga ki auna sama ki auna tsakiya ki auna ƙasa, bangon garin nan ba ya miƙewa. Daga aljihuna na biya gyaran. Shekara ukku a aji ba wanda ya taɓa gaya min wannan. Bayan nan wata shida na yi ina zuwa ataliyenshi kullum da sahe, nan na san katakon da gara ke ci, na san MDF, allon da ake yi da garin katako, in ya sha danshin damina kumbura yike kamar burodi don haka ba a dasa shi ƙasa kai tsaye, na san yadda ake magana da ma'aikata ba tare da raini ba. Ke mace ce, farko za su gwada ki, amma ran da kika hau tsani kika nuna ma mai plafon inda layinshi ya karkace sun daina.

Abin da ya fi ci min rai kuwa, yawancin abin da ake koyarwa na ƙasashen sanyi ne. Za a zo miki da hoton gidan Dubai a waya, gilashi tun daga ƙasa har sama, a ce irin wannan nike so, kuma tagar na kallon yamma. A Maraɗi watan Afirilu da zahi ke wuce 40, wannan falo tanda ne, in wuta ta ɗauke ba mai iya zama. Ga ƙurar hunturu, labule mai kauri da kafet mai gashi sati biyu sun koma jan ƙasa. Dole ke da kanki ki karanci namu. Ki duba aikin Mariam Kamara, ƴar ƙasar nan, yadda ta yi masallaci da ɗakin karatu da kasuwa a Dandaji cikin jihar Tawa da bulon ƙasa. Ki duba masallacin Yama na magini Falke Barmu wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, mutumin da a hannu ya koyi gini. In kin samu hali ki je Birni a Damagaram ki kalli zanen bangon gidajen. Ko ɗakin kakarki ma, yadda ake jera kwalla da tasoshi, da alkuki a bango, da zauren da ke tare idon baƙo kar ya hango tsakar gida, duk tsari ne. Hajiyar Maraɗi tana son falon baƙi daban na iyali daban, tana son wurin sallah, tana son inda za a zauna ƙasa a ci tuwo, littafin makaranta ba zai gaya miki ba.

Ni shawarata ki je, amma kahin rantire ki samu wata biyu ki bi wani mai aikin shantiye ko kafinta, da yardar baba, ki sha rana ki shaƙi ƙurar siminti ki ga ko ranki na so. Kuma ki turo mana sunayen darussan da makarantun da kike tunani sunka ba ki da awoyin staj ɗinsu, in duba miki in faɗa miki wadda ta fi. Asabar mai zuwa in sha Allah muna sa plafon a wani gida, in gida sun bar ki ki zo ke da yayanki, ki taho da metir da littahin rubutu.