Kun Tambaya: Waye Milman Parry, kuma me ya kai shi wajen masu goge a Bosniya?

A fitowar da ta gabata da muke magana kan waƙar baka na ambaci sunan Milman Parry a guje na wuce, toh sai ga saƙonni sun shigo a kansa, na zaɓi uku.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Dan Allah ni ɗaliba ce ina aji uku a jami'a, ina karanta adabi, malaminmu na adabin baka kullum sai ya ce Parry da Lord, Parry da Lord, ni wallahi da farko na ɗauka sunan mutum ɗaya ne. Su waye, kuma me suka yi haka da ake ta kiran sunansu? A taimaka jarabawa ta matso. Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Mutum biyu ne, malami da ɗalibinsa, dukkansu 'yan Amurka. Milman Parry shine malamin, an haife shi a garin Oakland na jihar Kalifoniya a 1902, babansa mai shagon sayar da magani ne. Ya yi digiri na ɗaya da na biyu a jami'ar Berkeley kan harshen Girkanci da adabinsa, daga nan ya kwashi iyalinsa sai Faransa, ya kammala digirin dakta a Sorbonne a 1928, ya dawo gida ya koyar shekara guda a jihar Iowa sannan Harvard ta ɗauke shi. Albert Lord kuma ɗalibinsa ne a Harvard ɗin, Parry ya girme shi da shekara 10.

Abin da ya dami Parry tun yana saurayi shine Homer, mawaƙin nan na tsohuwar Girka da ake jingina masa dogayen waƙoƙi biyu, Iliad da Odyssey, waɗanda aka yi wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta farkon ta haura layi 15,000, ta biyun ta haura 12,000. Turawa sun daɗe suna musu a kansu, tun 1795 da wani Bajamushe Friedrich August Wolf ya ce anya kuwa mutum ɗaya ne ya yi su, a zamanin da rubutu bai bazu ba? Sai malamai suka rabu, wasu su ce gutsattsarin waƙoƙi ne aka harhaɗa daga baya, wasu su ce a'a gwani ne guda ɗaya ya zauna ya tsara abinsa, aka kwashe fiye da shekara 100 ana wannan ja-in-jar.

Shi Parry sai ya bar musun ya koma kan wani abu da kowa ke gani amma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, wato maimaici. A waƙoƙin nan ba a cika kiran jarumi da sunansa kawai ba sai an liƙa masa ɗan kirari. Achilles kullum "mai saurin ƙafa" ne ko da yana zaune a tantinsa ya yi fushi ya ƙi fita yaƙi, jiragen ruwa "masu gudu" ne ko da an jawo su kan tudu an ajiye. Da ana cewa ai ado ne, wasu ma su ce gyangyaɗi ne ya ɗauki Homer. Parry ya zauna ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ashe kowane babban jarumi yana da kirari gajere, da matsakaici, da dogo, kuma abin da ke zaɓar wanda za'a sa ba ma'anar wurin bane, gurbin da ya rage a layin ne kafin karin waƙar ya cika. In gurbin ƙarami ne Odysseus ya zama "mai daraja", in ya ɗan fi haka ya zama "mai dabaru da yawa", in babba ne ya zama "mai yawan jimiri mai daraja". Kuma abin da ya fi ɗaure kai, da wuya ki samu kirari biyu masu awo iri ɗaya na jarumi ɗaya, kowane gurbi da abinsa, babu asara babu rara. Ya ce irin wannan tsari ya fi ƙarfin mutum guda, dole sai dai gado ne da mawaƙa suka yi ta gogewa tsara bayan tsara. Wannan jerin kalmomi da ake dawowa da su a gurbi iri ɗaya don faɗar abu ɗaya shi malaminku ke kira fomula, ki riƙe shi da kyau don da wuya bai fito a jarabawa ba.

Toh amma me zai sa mawaƙi ya buƙaci irin waɗannan shiryayyun kalmomi? A Faris ne malaminsa Antoine Meillet ya nuna masa hanya, ya haɗa shi da Matija Murko, wani masani da ya daɗe yana bin mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya, ƙasar da yanzu ta tarwatse ta zama su Bosniya da Sabiya da Kuroshiya da Monteniguro. A can har lokacin akwai tsofaffi da basu iya karatu da rubutu ba amma suna rera labarin yaƙi na awa da awanni. Nan ne ni Parry ya burge ni, domin malamin Girkanci a Harvard a wancan zamani ba'a san shi da barin laburare ba balle ya je ya zauna a gidan shayi na ƙauye yana sauraron manomi. Ya je a 1933 ya leƙa, ya koma a 1934 da shiri sosai ya kai har cikin 1935, Lord na tare da shi a matsayin mai taimako, da wani ɗan ƙasar mai suna Nikola Vujnović, magini ne kuma shi ma mawaƙi amma ya iya rubutu, shi ke yi wa mawaƙan tambayoyi yana rubuta abin da suka faɗa.

Abin kiɗansu gusle sunansa, tsirkiya ɗaya gare shi ana goga shi da baka, in kin san goge kin gama saninsa sai dai shi a tsaye ake ɗora shi kan gwiwa. Kowane layi gaɓa 10 ne, ana ɗan tsayawa bayan ta huɗu. Da yawa daga cikin gwanayen Musulmi ne, gadon zamanin Daular Usmaniyya, kuma kasuwarsu ta fi ci da azumi, bayan an sha ruwa maza su cika gidajen gahawa mawaƙi ya ɗauko labari ya yi ta ja har dare ya raba, wani ma gobe ya ɗora daga inda ya tsaya.

Matsalar ita ce ɗaukar murya, faifan wancan lokaci mintuna kaɗan yake ci ya cika, ka tsayar da mawaƙi kuma ka ɓata abin da ka zo nema. Sai Parry ya sa aka ƙera masa na'ura mai mazaunin faifai biyu da makunni a tsakani, wannan na cika sai a juya zuwa ɗayan a sa sabo, mawaƙi bai ma san an canza ba. Fayafayan na alminiyam ne, sun tara fiye da 3,500, suna nan a Harvard har gobe a taskar da ke ɗauke da sunansa.

Gab da zasu dawo ne a 1935 suka gamu da Avdo Međedović a garin Bijelo Polje na Monteniguro, dattijo Musulmi, manomi da ya taɓa yin fawa, ya kuma yi shekaru a sojan Turkawa, baya karatu baya rubutu. Ya zauna kwana da kwanaki yana faɗa Nikola na rubutawa, waƙar auren wani jarumi Smailagić Meho, da aka ƙirga sai ga layi 12,311, wato tsawon Odyssey kenan. Sai Parry ya yi masa wani gwaji, ya sa wani mawaƙi Mumin Vlahovljak ya rera wata waƙa da Avdo bai taɓa ji ba, Avdo na zaune yana saurare, ta kai layi 2,294. Da aka gama aka ce masa zaka iya? Ya yaba wa Mumin tukuna cikin ladabi, sannan ya ɗauki gusle ya maido da labarin nan daga farko har ƙarshe a layi 6,313, ya ƙara wa dawakai ado, ya ƙara wa jarumai magana da tunanin zuci, a ji ɗaya tak. Kin ga ai ba hadda bace, babu mai haddace layi dubu biyu a zama ɗaya, yaren waƙar ne ya iya, yana tsarawa ne a daidai lokacin da yake rerawa, shiryayyun kalmomin nan da shiryayyun fage irin su taron fada da ɗaura sirdi da ɗaukar makamai su ke bashi sararin tunanin abin da zai zo gaba ba tare da baki ya tsaya ba. Haka kuma in aka tambayi mawaƙan sai su rantse yadda suka ji waƙa haka suke maido ta kalma da kalma, in aka gwada fayafayai biyu na mutum ɗaya sai a ga labarin ne ɗaya amma layukan sun sha bamban, kuma ba ƙarya suke ba, a wajensu labarin shine waƙar.

Lord ne ya ƙarasa aikin bayan rasuwar malaminsa, ya fitar da littafin The Singer of Tales a 1960, shi yasa ake haɗa sunansu. Ni dai da zan so a riƙa cewa Parry da Lord da Avdo, don ba tare da tsohon nan ba da hasashe kawai suke da shi a takarda.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai sauraron Shata ne tun ina yaro. Wannan binciken na Bature ya hau kan mawaƙanmu kuwa, ko na can ne kawai? Daga wani direba, Maraɗi.

Amsa: Barka kadai ɗan uwa, Allah ya tsare hanya. Ya hau ta wani gefe, ta wani gefen kuma bai hau ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, kuma kai da ka daɗe kana jinsa ka san in ya sake waƙa ɗaya a wani wurin ba zata fito daidai da ta farko ba, akwai kalaman yabo da yake dawowa da su daga waƙa zuwa waƙa, ga amshi da ke bashi numfashi kafin ya jefo ɗa na gaba. Wannan kam Parry da ya ji zai gane shi. Tun 1975 ma Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta kan Shata a jami'ar Indiana ta Amurka.

Amma magoya bayan Parry da Lord sun so su zarce, har ya zama kamar duk waƙar da ba'a rubuce take ba dole a fagen rerawa aka tsara ta. Ruth Finnegan, wata masaniya daga Birtaniya da ta yi bincike a Saliyo, ita ta taka musu burki a littattafanta na 1970 da 1977, ta kawo misalin mawaƙan Somaliya da kan kwashe kwanaki suna tsara waƙa a ka, sai waƙar ta nuna sannan su bayar a haddace. Mu ma nan ai bamu rasa misali ba, makaɗan fada sukan zauna da 'yan amshinsu su shirya waƙa su gyara ta kafin su fito gaban sarki, ga kuma Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne baya rubutu da hannunsa amma Imfiraji tsararriya ce da kari da amsa-amo, ba'a sauya ta duk rerawa. Sannan waƙar Shata ba dogon labarin yaƙi bace mai layi dubu goma, yabo ne da zambo da habaici, kiɗan kalangu ke riƙe da ita ba ƙirgen gaɓa 10 ba, don haka duk ɗalibin da ya ɗauko ma'aunin Bosniya ya ɗora mata kai tsaye zai sha wahala a banza.

Tambaya: Wai da gaske ne kashe Parry aka yi? Daga wani mai karatu, Kumasi.

Amsa: Abin da aka tabbatar shine ya rasu ranar 3 ga Disamba 1935 a wani otal a Los Angeles, harsashin bindigarsa ne ya same shi, yana da shekara 33, watanni kaɗan da dawowarsa daga Yugoslabiya. Matarsa na tare da shi a masaukin. Hukuma ta ce tsautsayi ne, wai bindigar na cikin akwati a naɗe cikin kaya yana fito da su ta tashi. Tun lokacin mutane ke ƙus-ƙus, wasu su ce shi ya kashe kansa wasu su nuna matar da yatsa, amma babu wanda aka gurfanar kuma babu wanda ya kawo hujja, ni kuwa bana ɗora wa mamaci laifi da zato.

Bai bar wani babban littafi da Turanci ba, kundayen digirinsa na dakta da Faransanci suke sai 'yan maƙalu, ɗansa Adam Parry wanda shi ma ya zama malamin Girkanci shi ya fassara ya tattara su aka buga a 1971, kuma a shekarar ce shi da matarsa suka rasu a haɗarin babur a Faransa. Lord ya koma wajen Avdo a 1950 ya same shi ya tsufa ga rashin lafiya, duk da haka ya sake bashi waƙar auren Meho a layi sama da 8,000. Avdo ya rasu a 1955, Lord kuma a 1991.

Masu tambaya kan bambancin tatsuniya da almara ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.