Jarina Naira Miliyan 9 Ne, Shin Zan Iya Riƙe Tsohuwar Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, gidana kuma yana Rijiyar Zaki. Jarina ya kai kimanin naira miliyan 9, ribar da nake samu kuma takan kai naira 400,000 a wata idan aka haɗa wata mai kyau da maras kyau. Kuɗin adaidaita sahu, nawa da na kai yara makaranta, yana cin kusan naira 60,000 duk wata. Wani dillali ya nuna mini Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake kira EOD, an yi amfani da ita a nan gida, a kan naira miliyan 3.5. Ina da halin cire kuɗin daga shago in biya lakadan. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bisa alƙaluman da ka kawo, shawarata ita ce kada ka sayi wannan motar yanzu, kuma kada ka saye ta da kuɗin shago. Zan bayyana dalili da lissafinka na kanka, domin ka iya sake yin sa duk lokacin da al'amura suka canza.

Ka ce kana da halin biya lakadan, kuma na yarda. Sai dai kuɗin da za ka biya da shi kuɗi ne da yake aiki a halin yanzu. Idan jarin miliyan 9 yana kawo maka 400,000 a wata, to kowace naira 100 tana haifa maka kusan naira 4 da rabi. Ka cire miliyan 3.5 daga ciki, ribar da za ta tafi tare da shi ta kai kimanin 155,000 duk wata, abin da zai rage maka kuwa bai wuce 245,000 ba. Wannan asarar ba za ta zo da rasit ba, babu wanda zai miƙo maka hannu ya ce ka biya. Za ka dai lura cewa mai ɗaukar katan 50 ya zo ka ce masa 30 ne suka rage, ya tsallaka shagon maƙwabci, gobe kuma can zai fara zuwa. A sana'a irin taku, inda ribar kowane katan ƙanƙanuwa ce kuma yawan juyawar kaya ne yake tara ta, raguwar jari da fiye da kashi ɗaya bisa uku tana sauya matsayin mutum a wurin manyan diloli ma, domin farashin da ake ba mai ɗaukar kaya da yawa daban yake da na mai ɗaukar kaɗan.

Akwai abu ɗaya da zai iya sassauta wannan lissafin. Idan wani ɓangare na jarin a kwance yake, wato kayan da suka yi watanni ba sa motsi ko bashin da ke hannun mutane, to cire shi ba zai rage riba haka ba. Amma dillalin mota ba ya karɓar kwantan kaya ko littafin bashi. Tsabar kuɗi zai karɓa, ita ce kuma ɓangaren jarin da ya fi kowane yi maka aiki.

Sai kuma cin motar na yau da kullum. Daga Rijiyar Zaki zuwa Singa da dawowa, da kai yara da ɗauko su, da zirga-zirgar Juma'a da ziyarar 'yan'uwa, da wuya ka yi ƙasa da kilomita 1,000 a wata. Mota mai girman Accord da ta haura shekara 20, a cikin cunkoson gari kuma da na'urar sanyaya mota a kunne, ka ƙiyasta mata lita 12 a kowace kilomita 100, wato lita 120 a wata. Mu ɗauki lita a kan naira 900 domin sauƙin lissafi, kai kuma ka sa farashin da ka tarar a gidan mai: ya kama 108,000. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, shi ya sa shawarar wanda ya riƙe irin wannan mota a wancan zamani ba za ta yi maka amfani sosai ba, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya ba ka ita.

Bayan fetur akwai juyen baƙin mai da tacensa duk bayan kilomita 5,000 ko kusa da haka, akwai takalmin birki, akwai batir wanda zafin Kano yake rage masa kwana, akwai tayoyi huɗu, akwai sabunta takardu duk shekara, ciki har da inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun farkon 2023. Waɗannan ba sa zuwa tare, shi ya sa mutane suke mantawa da su. Idan aka raba su a kan watanni, ni ba zan sa musu ƙasa da 50,000 a wata ba. Ke nan motar tana cin kusan 160,000 kafin wani abu ya lalace. A yau, bayan ka biya adaidaita sahu, kana komawa gida da 340,000. Bayan sayen motar za ka koma da kimanin 85,000, kuma daga nan za a ci abinci, a biya kuɗin makaranta, a sayi magani. Mutanen da suka riƙe doki sun san cewa kuɗin sayensa sau ɗaya ake biya, dawa da harawa kuwa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba.

Abin da ya fi damuna shi ne babban gyara, domin shi ne ya bambanta tsohuwar mota da sabuwa. A motar da ta kai wannan shekaru, kowace roba ta bushe, kowane bushin ya gaji, lagireto da famfon ruwa da na'urar caji duk sun kusa ƙarshen kwanansu idan ba a riga an canza su ba, kuma ba ka san yadda masu ita na baya suka riƙe ta ba. Wata rana za ta yi zafi a hanya ta ƙone gaskit, ko giya ta fara jinkirin shiga, makaniki ya ce sai an sauke. Irin wannan aiki yana iya cin ribar wata biyu ko uku a zama ɗaya, kuma ba ya jiran lokacin da kasuwa take ci. Ƙa'idar da nake ba kowane ɗan kasuwa ita ce, ranar da ya biya kuɗin tsohuwar mota ya zamana yana da aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na farashinta a ajiye, a wajen shago, da sunan gyara. A taka motar wannan ya kusa 900,000. Wanda ba shi da wannan ajiyar, duk lalacewar mota aljihun shago za ta taɓa, kuma haka jari yake zurarewa ba tare da mai shi ya iya nuna ranar da abin ya fara ba.

Game da ita EOD ɗin, mota ce mai daɗin tuƙi kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, wannan kuwa babban abu ne. Amma ka tambayi dillalin injinta. Mai silinda huɗu ya fi sauƙin riƙo, sarƙa ce take daidaita juyawar sassan injinsa, ba bel ba. Mai silinda shida ya fi shan mai, yana amfani da bel da dole a canza shi kafin ya tsinke, kuma giyarsa ta otomatik ta shekarun 2003 da 2004 ta yi suna wajen ba da matsala. Haka nan duk makanikin da ya daɗe a sana'a zai gaya maka cewa ƙafar gaban wannan mota tana son kulawa, domin idan aka bar bol-joyin, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, ya lalace ko aka sa na jabu, taya tana iya kwancewa ana cikin tafiya. Toyota Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2007 ta fi ta ƙarancin shan mai da sauƙin gyara, dalilin da ya sa kuɗinta ya fi yawa ke nan ko da shekarunsu ɗaya. Araha ba ta ado, kuma bambancin farashin da ka gani tsakanin motocin biyu kasuwa ce take gaya maka abin da za ka kashe daga baya.

Dillalin zai ce maka yanzu ba a asara a mota, wanda ya saya shekara uku da suka wuce ya sayar da riba. A lissafin naira gaskiya ya faɗa. Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017 hanyar Kwatano ta ƙuntata, sannan bayan an saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, sai 'yan Beljiyam, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, suka yi tsada, suka ja farashin na gida sama. Amma wannan faɗuwar naira ce ta ɗaga kuɗin shokozoba da batir da taya, ita ce kuma ta ɗaga farashin katan ɗin da za ka sake saya idan ka sayar da motar ka dawo da kuɗin shago. Wanda ya sayar da motarsa da ƙarin naira, sau da yawa kayan da kuɗin zai saya masa bai kai na ranar da ya cire su ba.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga littafi. Ranar da mota ta kwana a gareji, kai ma rabin wuninka a can zai ƙare, shago yana hannun yaro. Mai mota a dangi shi ne mai kai amarya da mai kai mara lafiya asibiti cikin dare, kuma wannan alheri ne da ba na hana kowa, sai dai fetur ɗinsa daga aljihunka zai fita. Masu riƙe da bashinka ma, da zarar sun ga ka faka mota a bakin kasuwa, sai su ga ai ba ka cikin matsi.

Ban ce mota ba ta da amfani a gare ka ba. Yara za su huta da jiran adaidaita sahu a rana da damina, kuma wannan yana da daraja ko da ba a iya sa masa farashi. Idan kuma nufinka motar ta yi wa kasuwa aiki, misali kai wa masu shaguna kaya a unguwanni ko bin kasuwannin ƙauye irin su Dawanau da Wudil, to lissafin ya canza, domin za ta riƙa shigo da kuɗi. Sai dai a wannan hali Accord ba ita ce motar ba. Ƙaramar a-kori-kura ko Golf mai dogon baya ta fi dacewa, kuma sai ka fara ƙirga abin da kake biyan masu ɗauko maka kaya a wata ka gani ko ya kai cin motar.

Ga abin da nake so ka yi. Daga wannan watan, ka riƙa cire naira 100,000 daga riba, wato bambancin cin motar da abin da kake kashewa a adaidaita sahu, ka ajiye a wani asusu daban wanda ba ka taɓawa, ko ka shiga adashi da mutanen da ka amince da su. Ka yi haka wata shida ba fashi, har da watan azumi da na biyan kuɗin makaranta. Idan gida bai ji a jikinsa ba kuma ba ka ranto daga shago ba, ka tabbatar wa kanka cewa za ka iya ciyar da mota, sannan ga 600,000 a hannu a matsayin farkon kuɗin gyara. Idan kuwa ka kasa a wata na biyu ko na uku, ka sami amsarka ba tare da ka yi asarar ko kwabo ba. Kuɗin sayen motar kansa ya fito daga ribar da aka tara, ko daga sayar da wata kadara da ba ta kawo komai, kuma idan ya zama dole a taɓa jari, kada abin da za a cire ya wuce kashi ɗaya bisa goma.

Idan lokacin ya yi, kada ka je da makanikin da dillali ya kawo, ka je da naka ka biya shi kuɗin wuninsa. Ku je da sassafe kafin a tayar da injin, domin inji mai sanyi ne yake nuna hayaƙi da ƙarar da mai zafi yake ɓoyewa. A sa mata na'urar bincike ta kwamfuta, a ɗaga ta a duba ƙasa ko akwai walda a sasi ko yoyon mai, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya yi fari kamar an zuba madara, wanda alama ce ta ruwa yana haɗuwa da mai. A tuƙa ta har ta yi zafi sosai a ga yadda giya take canzawa. Kada ka dogara da lambar kilomita da ke kan allo, domin ana mayar da ita baya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma idan duk huɗun sun tsufa sai ka cire kuɗinsu daga farashi. A ƙarshe ka gwada lambar sasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke cikin takardu, ka tabbatar da takardar biyan kwastam a ofishinsu, ka ga mai motar ido da ido tare da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a kuma fayyace wanda zai biya la'adar dillali kafin kuɗi ya bar hannunka.