Amsa: keken lantarki ko na ƙafa?

Malam, ka tambaya ko ka sayar da kekenka ka sayi na lantarki don zuwa Kantin Kwari daga Hotoro. Na hau duka biyun. Kano ba tudu, don haka amfanin na lantarki sai a zafin Afrilu: ka isa shago ba ka jiƙe sharkaf da gumi ba. Amma batirinsa yana cin awa 4 zuwa 6 a caji, ka kuwa san halin wutarmu. Ranar da ya mutu mini a hanya na sha wuya, don nauyin keken ya haura kilo 20. Na ƙafa kuwa, kowane mai faci zai gyara maka. In kana da sola a gida, saya. In babu, riƙe kekenka tukuna.