Tambaya da Amsa: Nuna Kason Rukunoni a Zanen Ɗigo-ɗigo

Tambaya: Malam, na yi zanen ɗigo-ɗigo inda kowane ɗigo yake wakiltar gari guda, bisa yawan jama'a da yawan ruwan sama. Yaya zan nuna kason manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata a kowane gari? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Hanyar da aka fi sani ita ce a mayar da kowane ɗigo ƙaramar da'ira, a yayyanka ta gida-gida, kowane rukuni da launinsa. Dabarar tsohuwa ce, domin a 1858 wani injiniya Bafaranshe mai suna Charles Minard ya zana irin waɗannan da'irori a taswirar Faransa don nuna nau'o'in naman da yankuna suke aikawa Paris.

Sai dai binciken da masana ƙididdiga Cleveland da McGill suka yi a 1984 ya nuna cewa ido ya fi iya kwatanta tsayin sanduna da aka jera a kan ma'auni ɗaya fiye da kusurwar yankan da'ira, kuma idan garuruwanka sun yi yawa da'irorin za su hau kan juna har su rufe bayanin. A ganina, in manoma ne damuwarka, ka bar ɗigon yadda yake, duhun launinsa ya nuna kasonsu, sauran rukunonin kuma ka ba kowanne zanensa dabam da ma'auni iri ɗaya.