Hukuncin sa wa jaririya suna Bilkisu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a Ƙofar Doka, cikin birnin Zariya. Allah ya sauki iyalina lafiya, an sami mace, na yi mata huɗuba da Bilkisu, sunan mahaifiyata mai rasuwa. Sai surukata ta aiko cewa a canja kafin ranar suna, wai sunan mai bautar rana ne, wai kuma uwar mai sunan ta asali aljana ce, tana tsoron kada iska ta taɓa yarinyar. Mene ne asalin sunan da ma'anarsa, kuma ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya ta bisa Sunna, ya jiƙan mahaifiya. Sunan ya halatta, babu ko karhanci a cikinsa, kuma ba sai ka canja ba.

Bilkisu, wato Bilƙis a bakin Larabawa, sunan da malaman tafsiri suka ba sarauniyar Saba ne, a ƙasar Yaman, wadda labarinta da Annabi Sulaimanu (AS) ya zo a Suratun Namli, aya ta 20 zuwa ta 44. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba. Alhudahuda cewa kawai ya yi ya tarar da wata mace tana mulkinsu, tana da gadon sarauta mai girma. Ibnu Kasir ya ruwaito daga Hasanul Basari cewa ita ce Bilƙis 'yar Sharahil, mutanen Habasha kuwa Makeda suke kiranta. Wannan gadon na aya ta 23 shi muke tunawa in muka yi wa mai sunan kirari da Mai Gadon Zinare. Kalmar kanta ba ta da tushe sananne a Larabci, masana harshe ma sun saɓa a kan inda ta fito. Fassarar "sarauniya" da ake yawo da ita a WhatsApp siffar matar ce, aka mayar ma'anar suna.

Maganar bautar rana gaskiya ce, aya ta 24 ta faɗa. Sai dai surukarka ta tsaya a tsakiyar ƙissa ne. A aya ta 44 sarauniyar ta ce: "Ubangijina, lallai na zalunci kaina, kuma na miƙa wuya tare da Sulaimanu ga Allah Ubangijin talikai." Da za a bar suna don mai shi ya taɓa shirka kafin ya musulunta, da ba a sa wa kowa Umaru ko Halidu ba. Muslim ya ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya ce mutanen da can suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Rashin zama Larabci ma ba aibi ba ne. Ibrahim da Isma'ila ba Larabci ba ne, kuma Manzon Allah bai canja wa Mariyatul Ƙibɗiyya suna ba. Waɗanda ya canja su ne masu mummunar ma'ana ko yabon kai: 'yar Umar mai suna Asiya da harafin sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar Zainab.

Zancen aljana kuwa akwai shi a wasu littattafan tafsiri, amma Ibnu Kasir da kansa ya ce hadisin da ya zo da zancen baƙo ne, akwai rauni a isnadinsa, wato jerin maruwaitansa. Ba a gina hukunci a kan irin wannan. Sannan suna ba ya kiran iska, ba ya korar ta. Ɗaukar suna a matsayin mai jawo cuta camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya hana camfi. Ko a ajin matan aure da nake karantarwa bayan La'asar akwai Bilkisu uku, ɗaya ta kusa sauke hadda, ban ga abin da ya taɓa su ba.

Raɗa suna haƙƙin uba ne idan aka sami saɓani. Duk da haka ban so ka aika wa surukarka amsa ta waya. Tsoro ne na kaka, ba ƙiyayya ba. Ka ɗauki goro ka je da kanka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka karanta mata aya ta 44 da fassararta, ka gaya mata za ka riƙa yi wa jikarta addu'ar tsarin da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini. Tunda sunan mahaifiyarka ne, dama alkunya za a yi a gida, to ka bar mata ita ta zaɓa, ko Ummi ko Mama ko Walida.

Allah ne mafi sani.